Bindigar Baba Almu da Kwamitin da Ke Zaɓenta

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Dabo. Malamanmu da fastocinmu da ke teburin gaba. Iyayenmu mata da suka dafa abin da muke jin ƙamshinsa daga bayan labule. Masu girma 'yan kwamitin zaɓen bindiga, waɗanda zan dawo kansu ba da jimawa ba. 'Yan'uwa na Nijar da na Najeriya, da waɗanda suka gangaro daga Germantown da waɗanda suka biyo jirgin ƙasa har ƙarshen layinsa nan Greenbelt. Da 'ya'yanmu da ke can baya suna latsa waya, suna jin duk abin da nake faɗa amma da Turanci za su amsa: ina gaishe ku, barkanmu da yamma.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Irene, 'yar Pankshin, nas a asibitin ido. Na gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama kafin a buɗe tukwane, na kuma gode muku da kuka haƙura da yunwa don ku saurare ni. Ban san komai game da bindiga ba, ban taɓa riƙe ta ba, kuma a wannan ɗaki ba ni kaɗai ba ce, sai dai ni kaɗai ce ba a sa a kwamiti ba.

Magana ta farko, tuni ce. Ga Baba Almu nan zaune a gaba da sandarsa. Shekara ashirin da wani abu yana tuƙa tasi a garin nan. Rabin mutanen ɗakin nan shi ya ɗauko su daga filin jirgi, ya kai su gidansa, ya saya musu rigar sanyi ta farko. A shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe babbar hanyar Beltway ya ajiye mota, muka yi masa walima, muka tambaye shi me yake so ƙungiya ta ba shi. Muna jira ya ce agogo, ko kujerar tausa. Sai ya ce bindiga. Ya ce mahaifinsa maharbi ne a Dogon Dutsi, kuma wani fasinja ya taɓa kai shi filin harbi can bayan Frederick, inda ake kafa allon ƙarfe nesa ƙwarai, mutum ya kwanta rubda ciki ya auna, ya ja kunama, sai bayan ɗan jim ya ji ƙarfen ya amsa. Ya ce wannan amsar yake so ya ji da hannunsa. Muka tafa, muka yi kabbara, muka ce haleluya, sannan muka yi abin da muka fi iyawa: muka naɗa kwamiti.

Magana ta biyu, yabo ne, domin kwamitin nan ya yi aiki, Allah ya sani. Shekara uku suna zama. An zauna a falon Injiniya Maitama, shugaban kwamiti, an zauna a gidan cin abinci, an zauna ta waya har batir ya mutu. Zama na farko ya watse a kan awon nisan allon harbi. Boubacar, ɗan kwamiti daga Nijar, ya buga tebur ya ce, "Bon, a Yamai da metir muke awo, duk duniya da metir take awo." Desmond, shi ma ɗan kwamiti, ya ce, "Oga, nan Amurka ce, allon ma da yadi aka kafa shi." Aka yi wata biyu ba sa gaisawa. Da aka shirya su, sai aka gano duka biyun ba su taɓa zuwa filin ba.

Daga nan aka shiga batun harsashi. Injiniya Maitama ya zo da majigi, ya haska mana bango da layuka masu lanƙwasa, ya nuna yadda wannan harsashi ke faɗuwa da yadda iska ke kaɗa wancan, ya yi bayanin hancin bindiga mai nauyi da hanci mara nauyi, da tabarau mai kusanto da nesa, da gindin katako da gindin roba. Na ga tsofaffi suna gyaɗa kai suna barci a lokaci guda. Aka tsayar da wata bindiga, sai mujalla ta fito da sabuwa wadda aka ce ta fi ta, aka koma farko. Aka tsayar da sabuwar, sai wani ya ce tana shuri, za ta karya wa dattijo kafaɗa. Aka nemo mara shuri, sai aka ce wannan ai ta yara ce, ba ta dace da martabar ƙungiya ba. Duk wannan ana yi ba wanda ya juya ya tambayi kafaɗar Baba Almu, ga ta nan manne da shi a kowane zama.

Kuma a wannan shekara ukun ne muka gano cewa ashe dukanmu jikokin maharba ne. Kakan wane ya harbo giwa, kakan wane ya harbo zaki daga wancan ƙetaren kogi da harba-ka-ruga. In da gaske ne, ban san yadda aka yi aka bar ko kurege a ƙasar Hausa ba. Amma da aka zo batun wanda zai shiga shago ya cika fom da sunansa, sai jikokin maharba kowa ya kawo uzuri. Desmond ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne a unguwar Southwest, kada a gan shi. Boubacar ya ce shi da ake cire wa takalmi da ɗamara duk lokacin da zai hau jirgi, a rufa masa asiri. Wannan tsoron na fahimce shi, ban raina shi ba, duk mun san garin da muke zaune. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda aka warware shi da naɗa ƙaramin kwamiti.

Magana ta uku ba ta dariya ba ce, kuma da izinin Baba nake faɗinta. Idonsa na hagu ya riga ya tafi tun bara. Na dama, wanda ake aunawa da shi, yana bin sahu, likita ya ce gani daga nesa ba zai kai ƙarshen bazarar nan ba. Ni na riƙe masa hannu lokacin da aka gaya masa. Bai tambayi magani ba, bai tambayi aikin tiyata ba. Da muka fito ya ce mini, "Irene 'yata, yaran nan sun gama zaɓen kuwa?" Na ce, Baba, suna kai. Ya ce, "To, kada ki matsa musu, mutane ne masu ilimi." Wallahi na shiga banɗaki na yi kuka, kuma kukan haushi ne, ba na tausayi ba.

Ya ku 'yan kwamiti, ban zo in ci mutuncinku ba. Na san don kuna son Baba kuke neman wadda ta fi kowace. Amma wadda ta fi kowace ba a ƙera ta ba tukuna, kuma baɗi ma za a ce haka, kuma baɗi Baba ba zai ga allon ba ko da kun manna masa tabarau mai hango wata.

Saboda haka magana ta huɗu roƙo ce, ina kuma so a amsa shi yau, ba a zama na gaba ba. Na kira filin nan na bayan Frederick. Suna ba da aron bindiga, suna da malami da zai kwanta kusa da mutum ya nuna masa, ba kuma sai kowa ya kai ta gidansa ba. Na tambayi wace iri ce, suka faɗa mini, na manta, kuma ina roƙon kada kowa ya tambaye ni. Gobe bayan na fito daga coci zan ɗauki Baba mu hau hanya. Motata na da wurin mutum uku a baya. Injiniya, Boubacar, Desmond, naku ne, da sharaɗin ba majigi, ba awo, ba labarin kakan kowa. Ku zo ku tsaya a bayansa ku toshe kunne. Mai yiwuwa ya sami allon, mai yiwuwa ya kuskure. In ya kuskure, to shi ya kuskure, da idonsa da hannunsa, yana kwance a ƙasa kamar ubansa. Kada ya zama mu muka kuskure masa daga falo.

Allah ya ƙara wa Baba Almu lafiya, ya riƙe masa hasken da ya rage har gobe da bayan gobe. Allah ya ba mu sararin sama mai kyau da iska mai sauƙi. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da 'ya'yanta, ya saka wa iyayenmu mata da suka dafa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Baba, ka kwanta da wuri, gobe ka sa takalmi mai rufi.

Na gode.