A bar wa yara bango ɗaya na laka

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, tare da gaisuwa ga masu sauraro. Ni ce Rabi daga nan Tawa, amma Takanamat aka haife ni.

Muna yara, in damina ta wuce mata sukan yi wa ɗakuna yaɓe. Innarmu takan bar mana bango guda tun laka na ɗanye, ta ce, "Ku je ku yi abin da kuka ga dama." Da yatsa muke zanen raƙumi da zabo da tulu. Ba mai tsoron kuskure, don mun san ruwan baɗi zai wanke shi, a sake yaɓe.

Kwanan baya na raka jikata Hadiza sabon gidan koyon zane da aka gina a unguwarmu. Wallahi ya yi kyau, ga iska, ga haske, ga inuwa a tsakar gida. Amma bango duk siminti ne da farin fenti, fes. Aka ba ta takarda, yarinyar nan ta ɓoye hannu a baya, ta ce, "Kaka, in na ɓata fa?"

Raina ya sosu. Shi ya sa nake roƙon masu tsara ginin su ƙara bangon laka ko guda ne. Yaɓen ni zan riƙa yi, hannuna bai manta ba. Masu sauraro, wa ya kamata in samu da maganar?

Ina gaida Zali ƙawata a Takanamat, wadda ta zana raƙumi mai ƙafa biyar, Inna ta ce ya fi kowane sauri.