Kakin da ke rumfar Des

Mai girma magajin garin Port Lincoln, Fadan cocinmu, shugaban ƙungiyarmu ta masu nutso, uwargida Merle Trewartha, matar marigayi Des, da ɗansu Rodney, 'yan'uwa abokan ruwa, ina gaishe ku.

Ni ne Stamatis, Bagirken da Des ya ce bai iya rufe baki ba sai a ƙarƙashin ruwa. Ban so a zaɓe ni in yi jawabin ban kwana da shi ba, don raina a ɓace yake.

Mu masu nutso mun san abin da ba ma faɗa a gida. Rabinmu haƙoran roba muke sawa, kuma kafin mu faɗa ruwa sai mu cire su mu zuba a gwangwani. Sannan mu kama robar bakin na'urar numfashi da dasashi tsirara, tiyo biyu suna jan ta sama, muƙamuƙi yana ciwo, jini yana fita. Muka yi ta shiru, wai mu maza.

Des ya kasance mutumin da ya ƙi wannan shirun. Ranar da na fito ina tofar da jini, ya dube ni ya ce, "Kai Bagirke, nama ka ci a ƙasan ko kai aka ci?" Ya ɗumama kakin zuma ya tura mini a baki. "Ciji! Ba sumba na ce ba." Da wannan sawun dasashina a jikin kakin ya gyara mini roba da magagari har ta zauna daidai.

Ya kasance mai taurin kai, gaskiya ce. Ta farkon da ya yi mini ta yage, muka yi wata ba ma gaisawa. Ta biyun ce ta riƙe ni a wannan sana'a har na yi furfura.

Ya kasance abin dariyarmu a mashaya. "Likitan tsofaffi ya iso!" Yau ina ganin masu wannan ihun a layin gaba, kuma kowanne sawun dasashinsa yana cikin rumfar Des, da sunansa a jikin kakin.

Rodney, ɗana, na ji ranar Asabar za ka kwashe rumfar zuwa juji. Ban ga laifinka ba, mu ne ba mu taɓa gaya maka ba. Roba tana ruɓewa, kakin ne ake komawa gare shi a yi sabuwa. Tawa ta soma tsagewa. In ka zubar, na gama nutso, kuma ba ni da gonar da zan koma a tsibirinmu na Kalymnos. Merle, ki sa baki. Ku bar mana rumfar, mu koya da hannunmu ko da za mu ɓata goma.

Wanda duk ya taɓa cizon kakin Des, ya miƙe Rodney ya gan shi. Har kai, shugaba. Yauwa.

Na gode da kuka saurare ni. Ubangiji Ya ba Des hutun da ya ba bakunanmu, Ya sanyaya zuciyar iyalinsa, Ya fito da mu daga ruwa lafiya. Amin.