Itacen Sani Ba Makamashi Ba Ne

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Don Allah karanta wannan da ƙarfi, mushe dirakta, wato malam shugaban kolej, ya ji.

"Itacen nan za mu kafa shi a ƙofar kolej, jikokinmu su gani." Kai ka faɗi haka, mushe, gaban iyaye, ranar da Sani ɗan ƙanena ya gama makarantarku.

Shekara huɗu Sani yana buga muku balo, ƙwallon ƙafa. Duk ƙwallon da ya ci, abokansa sai su yi tsaga ɗaya da wuƙa a jikin itacen raga. Tsagar ta tashi daga gindi har ta wuce kaina. Tun da aka gina kolej ɗin ba wanda ya kama ƙafarsa.

Ranar Talata na je garinku, na tarar kun kafa ragar ƙarfe. Itacen kuwa yana yashe cikin makamashin mai dafa wa ɗalibai shinkafa! Ta ce mini sai ya ƙara bushewa.

Na ba ka zuwa Juma'a. In ba ka kafa shi ba, zan zo da amalanken jaki in ɗauke shi, in kafa shi tsakiyar kasuwarmu, in sa maroƙi ya ƙirga tsagar ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace tsaga kuma ya maimaita alkawarinka.

Ina gaida Sani. Ni ce gwaggonsa Rabi, daga Urno.