Doyar Buhu Ta Ƙwace Mini Jika

Assalamu alaikum ɗana mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Kaka Asabe, daga Yangoji.

Tun ina budurwa nake noman doya, sakwarata kuwa babu irinta a unguwarmu. Bara maƙwabciyata Maman Ladi ta cika buhunan siminti da ƙasa a tsakar gidanta, wai doya take shukawa, a rediyo ta koya. Na yi dariya har na ƙware, na ce, "Maman Ladi, sai ki dafa buhun!"

Ɗana, da ta farke buhu ɗaya, doya ce kamar cinyata. Yanzu jikana Musa, angona na wasa, in ya zo daga Jabi gidanta yake zarcewa cin sakwara. Na ce, "Maigida, ka sake ni ne?" Ya ce, "Kaka, ta buhu ta fi laushi."

Bana na ɓoye buhu biyar bayan ɗaki na shuka, duk suka ruɓe. Ashe huda gindin ake yi?

Don Allah ku koya mini dalla-dalla, domin ba zan tambaye ta ba. Maman Ladi, in kina saurare, wata Asaben ce daban.