Majanyin da Na Kwance a Tsakiyar Ruwa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda hannunsa ba ya sakin abin da ya riƙe. Salamarsa ta zauna a kanku, manya da yara. Ku ce Amin!

Ni ce Kaka Lami, uwar Rifkatu, wadda ke zaune can tana share ido tun ban fara ba. Ban shiga aji ba, ban san baƙi ba, amma abin da ido ya gani ba ya neman alƙalami. Na ga waɗansu mata na taɓa juna da suka hango ni da goyo yau. Ku bar taɓa juna, ku ba ni kunnuwanku.

Tun ina da ƙuruciya, a ƙauyenmu can ƙasar Katsina, na haifi 'yar farina. Wata damina ina dawowa daga gona da ita a baya, na tarar rafi ya kawo. Na shiga yadda kowa ke shiga. Ruwa ya buge ni, ya juya ni, ya tofar da ni a gaɓa. Da na tashi, majanyi na hannuna, baya babu kowa.

Tun daga ranar nan abu biyu suka fita daga rayuwata: ruwa mai gudu, da goyo. 'Ya'yan da Ubangiji ya ba ni daga baya, ƙanwata ce ta goya su. Rifkatu ba ta san ɗumin bayana ba. Ina zuwa sujada, ina waƙa a zumuntar mata, ana ce mini mai bangaskiya. Amma majanyin nan yana ƙasan akwatina, kuma tsoro yana ƙasan zuciyata, kowanne a ninke.

Da Rifkatu ta haihu a nan Alƙahira, aka aiko in zo wankan jego. Na tambaya, “Ana ruwa a can?” Aka ce, “Kaka, Masar hamada ce.” Na ce madalla, ƙasata ke nan! Ban san akwai kogin Nilu kwance a tsakiyar gari ba. Duk ranar da mota za ta hau gada, sai in rufe ido da mayafi, har sai na ji an sauka.

A ɗakinmu na unguwar Abbasiyya kuwa, jaririya Alheri ta yi ta kuka, uwarta na girki. Rifkatu ta ce, “Iya, ɗan goya mini ita mana.” Ni kuwa in ce bayana na ciwo. Ta san ba ciwo ba ne.

Sai aka yi shela a nan majami'a cewa za a je ziyara Dutsen Sina'i. Na ce da ni za a! Inda Musa ya taka, ni ma in taka kafin in mutu. Kuma dutse ne, babu ruwa. Rifkatu ta zauna da jinjira, aka haɗa ni da surukina, Baban Alheri. Ta ba ni jakar nan ta baya mai igiyoyi da maɓallan roba, ta cusa bargo da rigar sanyi da dambun nama. Na dubi maɓallan na ce wannan wasan yara ne. Na saɓa jakar, na rufa zani a kanta, na ɗauko tsohon majanyina na tamke a ƙirji. Abin da ban yi wa ɗan mutum ba, na yi wa jaka.

'Yan'uwa, na ga ikon Allah! Kan duwatsun nan fari fat, kamar an shanya garin rogo. Aka ce dusar ƙanƙara ce. Na ɗiba, ta cije ni a yatsu, na yar!

Kashegarin hawanmu aka ce za a kai mu wani kwari mai lambuna a tsakanin duwatsu. Jagoranmu wani dattijon Balarabe ne na wurin, Ammu Salama, busasshe kamar kara, ƙafarsa kamar ta akuya a kan dutse. Da ya gan ni sai ya ce, “Yalla, ya Hajja!” Wai mu tafi, Hajiya. Ni da ban taɓa ganin hanyar Makka ba! Na ce to, na amsa.

Da safe muka tsallake wani ɗan ruwa, bai kai idon sawu ba. Ko shi ma sai da na bi ta kan duwatsu ina karanta sunan Yesu. Muka haura, muka ci, muka yi addu'a. Rana ta buɗe, jiki ya yi daɗi, mata suka kama waƙa. Dattijon na ta nuna sama yana cewa yalla, yalla, mu kuwa in an gama wannan sai a ɗauko waccan. Ashe ranar da ke gasa mana baya, ita ce ke narkar da farin abin nan na kan dutse.

Muna gangarowa na ji ƙara. Na san ƙarar nan. Shekara da shekaru ina jin ta a barci.

Ɗan ruwan safe ya zama rafi, ja wur, yana mirgina duwatsu. Wayyo! Na zauna a ƙasa na ce, “Ku tafi. A nan za a binne ni, kusa da Musa.”

Surukina ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa, yadda ya saba. Ya ce, “Iya, dattijon ya ce sanyin nan in rana ta faɗi ba ya barin tsoho. Kuma ruwan ƙaruwa yake yi.”

Ammu Salama bai yi gaggawa ba. Ya bi gaɓa yana dubawa, ya wuce inda ruwan ya matse, har ya sami inda ya baje ya yi faɗi. Ya shiga shi kaɗai da sanda, ya gwada, ya dawo. Sannan ya yi magana, surukina na juya mana da Hausa. Kada kowa ya cire takalmi. A fuskanci inda ruwan ke fitowa, a kafa sanda, a ja ƙafa a gicciye kamar ƙaguwa. Kada a kalli ruwa, a kalli gaɓa. Kuma kowa ya ɓalle maɓallan jakarsa, don in ya faɗi ya iya yar da ita.

Kowa ya ɓalle. Dattijon ya zo kaina, ya nuna ƙullin ƙirjina, ya girgiza kai.

Surukina ya ce, “Iya, wai ki kwance.”

Na ce, “Gaya masa a garinmu in za a shiga ruwa ƙara tamke goyo ake yi.”

“Iya, ai wannan ba goyo ba ne, jaka ce.”

“Na ce ka gaya masa!”

Ya gaya masa. Tsohon ya daɗe yana kallona, ya ce, “Ma'alish, ya Hajja.” Wai ba komai. Ya sa ni tsakiya, shi ta sama yana tare mini ƙarfin ruwa, surukina ta ƙasa. Ku ji fa, surukin da ko sunansa ba na faɗa, yau ga hannuna cikin nasa! Kunya ta ga ruwa ta gudu.

Muka shiga. Sanyi! Kamar an sassare mini ƙafafu da lauje. Ruwa a gwiwa, ruwa a cinya. Muna ja, muna ja. An ce kada in kalli ruwa, na kalla. Duniya ta juya, dutse ya goce a ƙarƙashina, na zube.

Bargon nan ya sha ruwa. Jaka ta yi nauyin buhun gero, tana ja na ta baya, majanyi ya shaƙe ni. Mutum biyu na riƙe da ni sun kasa ɗaga ni. Dattijo na ihu da Larabci, surukina na ihu da Hausa: “Iya, kwance! Kwance, don Allah!” Na ga ƙafarsa ta fara zamewa. Na ga zan tafi da uban Alheri.

Ni kuwa a raina ba jaka ce a bayana ba. Kun gane? 'Yata ce. Ta yaya uwa za ta kwance da hannunta?

Sai na yi kuka, ba da baki ba, don baki na cike da ruwa. Na ce, “Yesu, na riƙe, na riƙe, na gaji!”

Ban ji murya daga sama ba, kada in ƙara gishiri a gidan Ubangiji. Amma wata magana ta sauka a zuciyata, a hankali, kamar ana lallashin yaro: Lami, wadda kike riƙo tana wurina tun ranar nan. Saki.

Na zare hannuna daga na dattijon, ya cafke ni a kafaɗa. Na laluba ƙulli. Jiƙaƙƙen ƙulli, ku mata kun san shi, ko da haƙori sai an sha wuya. Ja ɗaya na yi masa. Ya warware!

Halleluya! Zani ya tafi, jaka ta zame daga kafaɗuna, majanyi ya bi ruwa yana juyi. Na miƙe tsaye wasai kamar budurwa! Suka ja ni, muka fita. Mata suka rufe ni da mayafansu, suna guɗa, suna kuka. Dattijon ya hura wuta ya dafa shayi, ya miƙo mini yana dariya, ya ce, “Halas, ya Hajja.” Surukina ya ce wai ma'anarsa an gama. Na ce wannan tsoho bai san girman abin da ya faɗa ba.

Da muka dawo gida, ina shiga na tarar Alheri na tsala kuka. Ban ko zauna ba. Na ce, “Rifkatu, ba ni zani.” Ta tsaya da ludayi a hannu. Na ce, “Ba ni zani, ki ɗora mini ita.” Ta ɗora. Yarinya ta yi luf. Can sai na ji wani nauyi a kafaɗata. Ashe Rifkatu ce, uwar ɗiya guda, ta kwantar da kanta a gefen 'yarta. Ta ce, “Iya, ashe haka bayanki yake da ɗumi.”

Na gudu daga ruwa har hamada, Ubangiji ya aje mini rafi a kan dutse yana jirana. Na gode masa! Na gode masa don surukina, ɗa ne ba suruki ba. Na gode masa don tsohon Balaraben nan, Allah ya tsare ƙafarsa.

'Yan'uwana, in za ku shiga ruwa, ku ji maganar wanda ya san ruwan. In kuma akwai abin da kuka tamke a ƙirji shekara da shekaru, ku dogara ga Yesu, ku kwance. Hannunsa ya fi ƙullinku.

Ga ta nan, ku duba, barci take yi. Ku ce Amin a hankali, kada ku tashe ta.