Maganin da Baba Iliya Bai Sha Ba

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Rifkatu, ni ce mai tuwo kusa da mahauta a unguwar Ogui, nan Inugu. Waɗanda suka gan ni bara sun san yadda na koma, ko zani ba ya zama a ƙuguna. Gudawa ce da murɗar ciki da zazzaɓi, ta lafa, ta dawo. Masu saye suka fara gudun tukunyata. Wa zai ci abincin mai zaryar ban ɗaki?

Duk lokacin da ciwon ya taso, kemis ɗin Baba Iliya nake zuwa. Mutumin garinmu ne, uba na ɗauke shi a Inugu. Sai ya ce, "Taifot ne, 'yata, ba komai." Ya haɗa mini ƙwayoyi ja da rawaya a leda, ya ce in na ji sauƙi in daina. Da na fara ganin jini na ce ko in je asibiti, ya ce, "Rabu da su, wahala kawai za su ba ki."

Wata safiya na kasa sauke tukunya. Na durƙusa a gaban murhu na ce, "Ubangiji, na gaji. Nuna mini hanya."

A ranar matar Baba Iliya, Mama Saratu, ta zo duba ni. Cikin hira ta ce, "Ai irin na Baba ne sak. Shi da ya sake dawo masa, okada, wato acaɓa, ya hau sai wurin likitan ciki. Bai faɗa miki ba?"

Bai faɗa mini ba. Raina ya ɓaci fiye da yadda cikina ya taɓa ciwo. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Na je wurin likitan. Ya sa aka gwada bayan gidana, aka gano ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Ya ce rabi-rabin maganin da na yi ta sha ne ya sa ta yi taurin kai. Ya ce ciwon da ke tafiya yana dawowa, ko jini, ko rama, ya wuce kemis.

Yau na warke, tuwona ba ya kwana. Godiya ta tabbata ga Allah!

Amma ba zan yi ƙarya a gidan Ubangiji ba, har yanzu bakina yana nauyi in zan gai da Baba Iliya. Ku dogara ga Yesu, ku je wurin likita da wuri, ku kuma taya ni addu'a in iya gafarta wa Baba Iliya, don ban iya ba tukuna. Amin.