Shafi Na Tara Da Mabuɗai Uku

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoma da masu sayar da kayan lambu, Baba Chuwang Badung. Mai girma mataimakinsa, Alhaji Ishaku Mai Karas. Dattijonmu Baba Dalyop, wanda ya riga kowa a nan fara kawo kabeji kasuwar nan. Malamanmu da fastocinmu da suka buɗe mana taro da addu'a. Iyayena mata masu rumfuna. Dillalai, direbobi, da 'yan dako waɗanda kayanmu duka a kansu yake hawa mota. Jama'ar kasuwar Farin Gada baki ɗaya, assalamu alaikum, salama a gare ku duka.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hasiya, daga unguwar Dutse Uku, ni ce sakatariyar wannan ƙungiya, kuma shekarata goma sha tara ina sayar da tumatir a layi na biyu. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ina godiya gare ku da kuka bar rumfunanku a ranar da motocin Kudu ke lodi, domin na san abin da kowace awa ɗaya take ci muku.

Kun san abin da ya tara mu, amma bari in maimaita saboda waɗanda suka shigo yanzu. Wata gidauniya za ta gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, guda ɗaya tak, ga ƙungiyar da ta kawo tsarin kasuwanci mafi gamsarwa a rubuce. Ranar Juma'a ake rufe karɓa. Sun ba mu wata manhaja da ake rubuta irin wannan tsari da ita a kwamfuta, kwamiti kuma ya ɗora aikin a kaina da 'yar'uwata a sana'a Kaneng Gyang, wadda rumfarta ke jikin tawa. Mun yi mako uku muna kansa, ya fito shafi goma sha huɗu. Goma sha uku babu mai ja. Ɗaya ne aka kawo ƙudurin a cire, shi ne shafi na tara, kuma yau za ku ɗaga hannu a kansa. Na tsaya ne in roƙe ku ku bar shi, kuma zan faɗi dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ina so ku san yadda wannan manhaja take aiki, domin na ji ana cewa kwamfuta ce ta rubuta mana takardar. Wallahi da ta rubuta da na huta. Tambaya take yi, ke kuma ki ba da amsa, sannan ta jera amsoshin cikin tsari. Ba ta taɓa taka Farin Gada ba, ba ta san warin kabejin da ya kwana uku a rana ba. Ta tambaye ni kilo nawa ne a kwandon tumatir. Na ce mata wane kwandon, na Alhaji Ishaku idan yana saye, ko nasa idan yana sayarwa? Ku yi dariya, Alhaji ma ga shi yana yi. Sai da muka ɗauki kwanduna goma sha biyu muka kai sikeli kafin ta bar mu mu wuce. Ta tambayi su wa za su ajiye kaya, su wa za su share ɗakin, wa zai gyara idan inji ya tsaya. Da yatsu biyu nake buga rubutun nan, Kaneng tana riƙe min tabarau idan gumi ya sa ya zame. Duk abin da ke cikin takardar nan daga bakinku ya fito, mu muka bi ku rumfa rumfa muka tambaya.

Na biyu, yadda shafi na tara ya samu. Akwai wani gurbi da aka rubuta a samansa: abubuwan da za su iya hana kasuwancin tafiya. Na rubuta tsadar taki, na rubuta tsutsar tumatir, na rubuta ƙanƙarar da ke fasa ganye a farkon damina. Sai ta kawo wata tambaya: idan ya kasance ba a iya isa wurin ɗakin na kwanaki, wa zai buɗe, kuma da izinin wa? Na rubuta mata, Allah ya kiyaye. Ta mayar da gurbin ja. Na sake rubutawa, ba ma fata. Ta sake mayar da shi ja. Raina ya ɓaci, na rufe kwamfutar da ƙarfi, na ce wa Kaneng wannan abu ba ta da kunya.

Jama'a, mun san abin da take tambaya. Kowa a nan ya sani. Muna da hanyoyi da yawa na faɗinsa ba tare da mun faɗe shi ba. Muna cewa lokacin nan, muna cewa da gari ya ɗan yi zafi, muna cewa ranar da ba a fito ba. Yau zan kira shi da sunansa a gaban iyayena, ku gafarce ni. Rikici, da dokar hana fita da ke biyo bayansa, da kwanakin da ake sassauta dokar amma mutumin Dutse Uku ba ya iya ƙetarawa wata unguwa, mutumin wata unguwar kuma ba ya iya ƙetarowa tamu.

Da na rufe kwamfutar, tsakar rana ce, muna zaune a bayan rumfata. Kaneng ta matso kusa da ni. Can sai ta ce: "Maman Sumayya, kin tuna tumatir ɗinki kwando arba'in?"

Yaya zan manta? Shekara shida ke nan. Na sauke kwando arba'in ranar Lahadi, na sa wa rumfa kwaɗo, na tafi gida da mabuɗi. Washegari gari ya rikice. Kwana biyar ban ga kasuwa ba. Ranar da na buɗe ƙofar nan, ruwan tumatir ne ya fara tarbata a ƙafa. Da shebur aka kwashe. Jarina ne gaba ɗaya, kuma a shekarar 'yata Sumayya ta zauna a gida zango biyu ba makaranta.

Kaneng ta ce: "A rana ta biyu na zo kasuwa, don daga gefenmu ana iya shigowa. Motar Madam Nkoli, dillaliyar nan, tana tsaye a bakin titi za ta tafi Kudu, rabinta babu kaya, tana neman tumatir ko nawa ne. Na sayar mata da nawa. Na zo na tsaya a ƙofar rumfarki da guduma a hannuna. Na ɗaga, sai na ga mutane suna kallona. Na ce idan na fasa kwaɗon nan, kafin yamma labari ya kai Dutse Uku cewa Kaneng ta fasa rumfar Hausawa ta kwashe kaya, kuma a irin ranar nan ba a tsayawa tambaya. Sai na ajiye gudumar na tafi gida."

Na ce mata: "Maman Loyis, me ya hana ki kira ni?"

Ta ce: "Ke me ya hana ki kira ni?"

Iyayena, ga gaskiyar magana. A kwanakin nan biyar na ɗauki wayata ya fi sau ashirin, na nemo lambarta, na ajiye. Tsoro nake kada in tura ta wurin da wani abu zai same ta, ya zama ni ce sanadi. Kunya kuma nake ji a ce gari yana ci da wuta ni ina zancen tumatir. Ita tana tsoron a kira ta ɓarauniya, ni ina tsoron in jefa ta a hatsari, kwando arba'in suka ruɓe a tsakaninmu. Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya, ta je bikin ƙanwata, na je jana'izar mahaifinta, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa maganar nan ba, sai da wani jan gurbi a kwamfuta ya ƙi barinmu mu wuce. Mun yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa. Da muka share hawaye muka buɗe kwamfutar muka rubuta shafi na tara.

Na uku, amsata ga iyayenmu biyu da suka kawo ƙudurin cirewa. Shekara goma sha biyu ina rubuta bayanin taron ƙungiyar nan, ban taɓa rubuta cewa Alhaji Ishaku da Baba Dalyop sun yarda a kan abu ɗaya ba, ko da kuwa lokacin tashi ne. Yau sun haɗa kai, kuma a kaina suka haɗa. Na gode wa Allah da ya nuna min.

Alhaji ya ce kada mu kira masifa da bakinmu. Alhaji, kai ubana ne, kuma na san asarar da ka yi ta fi tawa nesa ba kusa ba. Amma shekarun nan duka da muka yi shiru, shirun bai hana ta zuwa ba. Abin da ya hana shi ne mu san abin yi idan ta zo. Mun rubuta tsutsar tumatir a takardar nan, ba wanda ya ce muna kiran tsutsa.

Baba Dalyop ya ce kada mu tona asirin garinmu a gaban baƙi, kada su karanta su tsorata su kai ɗakin wani wuri. Baba, wannan tsoron ni ma ina da shi, kuma ba zan yi maka alkawarin da ba ni da iko a kansa ba. Yana yiwuwa su tsorata. Sai dai mutanen nan suna jin rediyo. Idan suka buɗe takarda daga Jos suka ga ƙanƙara da tsutsa kaɗai, za su san ɗayan biyu ne, ko ba mu yi tunani ba, ko muna ɓoyewa. Ni na fi so su ga mutanen da suka san garinsu, suka kuma shirya masa.

Na huɗu, abin da shafin ya ƙunsa, domin da yawa an ce muku a cire, ba a karanta muku ba. Ya ce ɗakin sanyi zai kasance da mabuɗai uku, a hannun mutum uku da ke zaune a ɓangarori uku na gari, yadda ko ta ina hanya ta toshe, akwai mai iya isowa. Ya ce ba a tilasta wa kowa fitowa, kuma ba a karya dokar hukuma. Ya ce duk wanda ya sa kaya a ɗakin, ya ba da izini tun ranar cewa idan kwana biyu suka wuce bai iya zuwa ba, mai mabuɗi zai buɗe a gaban shaidu biyu, ya sayar a farashin ranar, ya ajiye masa haƙƙinsa. Ya ce za a rubuta sunayen mutum ukun nan da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa, da sa hannun shugaba, da na limami, da na fasto.

Ku lura da wannan na ƙarshe, domin shi ne zuciyar maganar. Kabeji idan ya ruɓe ana sake shukawa. Wanda nake karewa shi ne mutumin da zai tsaya a ƙofar nan wata rana, idanu suna kansa. Yana iya zama ɗanka, Alhaji. Yana iya zama jikarka, Baba. Ina so ya sami abin da zai nuna da yatsa ya ce, ga sunana, su suka sa ni. Ba na so a sake samun wata mace a kasuwar nan da za ta ɗaga guduma don taimako, ta sauke don tsoron bakinmu.

Saboda haka matsayina a fili yake. Idan kuka ce a cire, ku ne ƙungiya, zan cire da hannuna, in buga sauran shafi goma sha uku tsaf, in miƙa wa shugaba kafin Juma'a. Amma gurbin sa hannun sakatariya zai tafi babu kowa, domin ba zan sa sunana a takardar da na san ta bar mai mabuɗi shi kaɗai a bakin ƙofa ba.

Kuma ba sai na jira gidauniya ba. Jiya na je wurin mai yankan mabuɗi. Maman Loyis, taso don Allah, zo nan gaba. Ga mabuɗin rumfata. Shugaba shaida ne, malamai da fastoci shaidu ne, Farin Gada duka shaida ce: duk ranar da ban iso ba, Kaneng Gyang ta buɗe, ni na sa ta. Ki yafe min shekara shida da na yi ban ba ki ba.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya sa shafin nan ya tsufa a cikin takarda ba mu taɓa buƙatarsa ba. Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya tsare direbobinmu a hanya, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri da mu. Allah ya mayar da kowa rumfarsa da gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, na gama, a ƙirga hannuwa.

Na gode.